Akwati Ɗaya, Kafintoci Biyu

Gumel,
9 ga Satumba, 1995.

Zuwa ga maigidana, Baban Muhsina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can Laberiya. Yaya ƙafar da ka ce tana damunka in an yi ruwa? Mu nan lafiya lau muke. Muhsina ta warke daga zazzaɓin har ta koma ɓarnarta, jiya ma a cikin tulu na tsinci almakashina. Hajiyarka tana gaishe ka, ta ce ka rage tsayawa gaban bindiga, kamar dai ku sojoji ku kuke zaɓa. Innata ta fita takaba ranar Juma'a, Allah Ya jiƙan Baba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Baba Elias ya dawo, kuma tun da na gan shi abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Kai da ka zo garin nan da kakinka ka ɗauke ni, iyakarka da shi gaisuwa, to bari in gaya maka ko wane ne. Mutumin Pankshin ne, En'e ta kawo shi yin bencin makaranta tun ba a haife ni ba. Da aikin ya ƙare bai koma ba, ya shiga shagon Baba na bakin tasha, suka zauna tare fiye da shekara talatin. In Baba ya tashi salla shi ke tsare shago, ranar Lahadi in ya tafi coci Baba ya tsare. Matarsa Juliana a nan ta rasu, a nan aka binne ta. Akwatin kayan aikinsu ɗaya ne, kowa ya sayi zarto ko guduma sai ya jefa a ciki. Mutanen gari kuwa shagon Ɗantsoho kafinta suke cewa, ba su taɓa sa sunan Baba Elias ba, shi kuma ko a jikinsa.

Lokacin da ciwon Baba ya tashi, Baba Elias yana Jos wajen ɗansa Chris, an yi masa aikin yanar ido. Sai da idon ya warke suka gaya masa rasuwar. Kafin nan an riga an raba gado. Yaya Barau ya zo daga Maigatari yana sauri kamar an biyo shi, ƙanena Ilu ya zo daga Ɗanzomo, aka kira malam, aka zazzage akwatin a zaure aka kasa kayan kamar tumatir. Babu wanda ya tuna akwai na wani a ciki. Ni ina cikin gida ina kuka, sai miƙo mini kasona aka yi a buhu, ban ko buɗe ba. Inna kuwa akwatin ne ya faɗo mata, fanko.

Baba Elias ya sauka a tasha ya tarar da shago a share, sai bencin aiki. Ya zo ya yi wa Inna ta'aziyya, ya zauna a zaure ya yi kuka kamar yaro, ya tashi ya tafi. Shekaranjiya na bi ta ƙofar gidansa zan kai ɗinki, na same shi yana gyara wa wata mata kujera 'yar tsugunno. Ƙusa ya gasa a wuta yana huda katako da ita, yana bugawa da dutse. Da dutse fa, Baban Muhsina! Mutumin da ya yi ƙofofin rabin garin nan. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa maganar kayansa, sai ya ce ai duk na Yaya ne, haka yake kiran Baba, kuma shi ba zai taɓa kayan marayu ba. Marayu wai! Yaya Barau da furfura a gemu.

A nan ya gaya mini Chris zai zo da Kirsimeti ya tafi da shi gaba ɗaya, tunda ba shi da abin yi a nan. Yana faɗa yana kallon ƙasa. Ba ya son tafiyar, ko makaho ya ji muryarsa ya sani. Kabarin matarsa a nan yake, abokan hirarsa a nan suke, Hausarsa ma ta Gumel ce.

Na ƙudurta zan tattaro kayan nan in mayar masa da nasa kafin lokacin. Ina neman izininka in je Ɗanzomo da Maigatari. Na san kafin amsarka ta iso an gama Kirsimeti, shi ya sa na tambayi Hajiya, ta ce in je, ai ita ta haife ka.

Allah Ya tsare mana kai, Ya dawo da kai lafiya.

Taka,
Rabi.


Gumel,
15 ga Oktoba, 1995.

Baban Muhsina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, aiki da sauƙi. Yara lafiya, Hajiya lafiya, an fara yankan gero, kaka ta yi kyau bana alhamdu lillahi.

Yau da murna nake rubuto maka. Na buɗe buhun nan nawa, na tarar da jakfilen, wato abin goge katako, da cizil biyu na sassaƙa katako, da wata guduma, duk tsatsa ta ci su don damina a bayan ɗaki suka yi ta. Na jiƙa ƙarafan a kananzir, kananzirin da mutane ke layi a kansa, Hajiya tana kallona tana salati. Na tsame su na sa a ruwan tsamiya, na dirje da toka da soso, na bi su da man keken ɗinkina. Ƙotocin kuwa ban taɓa su da komai ba sai tsumma, kuma Allah ne Ya kiyaye.

Ina cikin goge ƙotar jakfilen ɗin sai na ga wani gurbi baƙi, ya yi santsi, inda babban yatsa ya shekara yana kwanciya. Na kama da hannun dama, yatsana bai faɗa gurbin ba. Na sauya zuwa hagu, sai ga shi zaune daram. Baba Elias bahago ne! Tun muna yara muke tsokanarsa da haka, in ya miƙo mana alewa da hagu Baba ya yi masa faɗa. Na duba gudumar, ita gurbinta na dama ne, ta Baba ce. Cizil ɗaya hagu, ɗaya dama. Ashe ko da akwatin ɗaya ne, kowa nasa yake ɗauka, kuma icen ya riƙe shaida.

Ko mayafi ban gyara da kyau ba na nufi gidansa. Na ɗora masa jakfilen ɗin a cinya, na nuna masa gurbin, na ce in ba nasa ba ne ya gaya mini yaushe Baba ya zama bahago. Ya kama, hannunsa ya shige kamar takalmin da aka saba da shi. Ya yi dariya, karo na farko tun dawowarsa, ya ce ni fitinanniya ce tun ina tatata. Muka yi yarjejeniya: duk abin da aka ga hannunsa a jiki zai karɓa, abin da ba a gani ba ko allura ba zai taɓa ba. Na san taurin kansa, na amince.

Na je Ɗanzomo. Ilu bai ba ni wahala ba, yana jin bayani ya riƙe kai, ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Amma zo ka ga inda kayan suke. Cizil ɗaya matarsa na fasa kanwa da shi. Bakunan mahuji, ƙarafan nan masu murɗiya da ake huda katako da su, an kafa su a bango an rataye faifai da ludayi. Babban zarto kuwa ya ba surukinsa aro a Gagarawa, sai da na bi shi har can a bayan a-kori-kura, na same shi an yanka itacen girki da shi har haƙoran sun kwanta. Zarton na hagu ne, Baba Elias ya kwana biyu yana tayar da haƙoransa da magagari ɗaya bayan ɗaya yana 'yar waƙarsu ta coci.

Sauran mahujin kansa. Wani babba ne mai faifan ƙarfe da ake dannawa da ƙirji, ana juya shi da hannu. Baba ya kwance shi zai sa masa mai, ciwo ya kwantar da shi, shi ya sa malam ya ɗauka abubuwa ne daban-daban, ya ba Ilu bakunan, ya ba Yaya Barau uwar. Baba Elias ya ce in babu shi babu ƙofa, babu gado, sai dai 'yan kujerun tsugunno, kuma su ba sa riƙe mutum a gari. Na tambaye shi na wa ne, ya ce in je in tambayi ƙotar.

Alhamis mai zuwa zan shiga Maigatari. Ka sa ni a addu'a, ka san ni da Yaya Barau ba ma shan inuwa ɗaya.

Taka,
Rabi.


Gumel,
22 ga Oktoba, 1995.

Baban Muhsina,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Wannan gajeriya ce don raina a ɓace yake.

Na je Maigatari ranar kasuwa, kuma kuskurena ke nan, na same shi a kara cikin dillalan shanu 'yan'uwansa. Ya kai ni gida, na ga kayan a ɗakin ajiyarsa, kaso mafi yawa, mahujin yana rataye a ƙusa. Na miƙa hannu zan duba ƙotar, ya tare ƙofa. Ya ce gado Allah Ya raba, malam ya kasa a gaban shaidu, ba mace mai keken ɗinki ce za ta zo ta warware ba. Wai in Baba Elias yana da haƙƙi me ya hana shi buɗe baki? Na ce kunya ce ta hana shi, abin da wasu ba su gada ba. Na ƙara da cewa shi da ko ƙusa bai iya bugawa ba ya rataye haƙƙin wani a bango, Baba yana kabari ana bin sa bashi. Fuskarsa ta sauya, ya ce in fita masa daga gida. Na fita, ko ruwansu ban sha ba.

Na san za ka ce bakina ya fi ni. Hajiya ma ta faɗa, Inna kuwa kallona kawai ta yi, wanda ya fi faɗan ciwo. Gaskiya na faɗa, amma yayana ne, kuma a gaban matarsa na faɗa. Yanzu ga shi na toshe ƙofar da hannuna, Kirsimeti kuma tana matsowa.

Ka kula da kanka.

Rabi.


Gumel,
3 ga Disamba, 1995.

Maigidana,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na karanta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Na gode da izinin da ka ba ni na tafiyar da na riga na yi. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Yara suna gaishe ka.

Ban san ta inda zan fara ba. Yaya Barau ya zo ranar Talata, ba aike ba, shi da kansa, da buhu a kafaɗa. Ashe maganata ta hana shi sukuni, har ya je ya tambayi wani malami, aka ce masa lalle a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Ya sauke buhun a tsakar gidan Inna yana murmushi, ya ce shi ba zai mayar wa dattijo kaya da tsatsa da tsofaffin ƙotoci ba, abin kunya ne, ko kwanon maƙwabta ba a mayarwa da datti. Wai ya kai su wajen wani maƙeri mutumin Damagaram, ya biya shi da kyau, ya ce a mayar da su sababbi fil. Kado, wato kyauta, ya yi wa Baba Elias, in ji shi, ka san bakinsu na bakin iyaka.

Ya zazzage buhun. Baban Muhsina, kowane ƙarfe yana ƙyalli, kuma kowace ƙota sabuwa ce. An cire tsofaffin duka, an sassaƙa wasu an sa, an shafe su da koren fenti kamar ƙofar kanti. Har mahujin. Na tambaye shi ina tsofaffin, ya ce ai maƙerin ya hura wuta da su.

Na zauna a ƙasa daɓas na fashe da kuka. Shi kuma ya tsaya baki buɗe, bai san me ya yi ba, don ranar da na je ban kai ga gaya masa maganar ƙota ba, faɗa ya riga bayani. Da Inna ta fahimtar da shi sai ya cire hula ya zauna a kan turmi. Garin neman gira an rasa ido. Na so in zage shi wallahi, amma ban taɓa ganin Yaya Barau ya yi abu don ya faranta wa wani ba sai ranar, na rasa inda zan sa fushina.

Muka kwashi kayan mu biyu muka kai wa Baba Elias. Yaya Barau ya durƙusa ya ba shi haƙuri, ya ce ya ɗauka duka, mun yafe. Baba Elias ya ɗauki mahujin, ya juya shi, yana tafiya sumul ba ƙara. Ya shafa koren fentin ya daɗe yana shafawa. Ya yi wa Yaya Barau godiya, ya sa masa albarka, sannan ya tura buhun gabanmu. Ya ce yarjejeniya yarjejeniya ce, babu hannunsa a jiki. Na ce to ya faɗa da bakinsa, mun yarda. Ya ce mahujin nan tun yana saurayi yake ganinsa a akwati, ya sha riƙe shi, Yaya, wato Baba, ya sha riƙe shi, shi kansa ba zai iya rantsuwa a kan wanda ya saya ba, ya so ƙotar ta raba gardama. Kyauta kuma daga gadon 'ya'yan Yaya ba zai karɓa ba, ko zai mutu da yunwa.

Da muka tashi tafiya ya riƙe ni a baya, ya ce ba nasa gurbin ne ya dame shi ba. Ya so ko sau ɗaya ya ƙara ɗora hannunsa inda hannun Yaya ya kwanta. Na ja mayafi na rufe fuska.

Ya fara sayar da kajinsa. Jiya an gan shi a maƙabartarsu yana share kabarin Mama Juliana, yana jera duwatsu a gefe yadda za su daɗe. Na gaji, Baban Muhsina. Na yi iyakar yina, ban san kuma abin da zan yi ba. Da kana nan da ko faɗa ka yi mini na ji sanyi.

Taka,
Rabi.


Gumel,
7 ga Janairu, 1996.

Zuwa ga Baban Muhsina,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwar sabuwar shekara. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Mu duka lafiya, Muhsina ta iya faɗin sunanka, kowane soja ta gani a hanya sai ta bi shi.

Ka san Innata ba ta da magana. Duk abin nan da ake yi ba ta sa baki ba, ni har na ɗauka baƙin cikin rashin Baba ne ya rufe mata ido. Kwana kaɗan bayan takardata ta ƙarshe ta sa aka fito da akwatin nan fanko, ta jera kayan a ciki da hannunta, masu koren fenti da na Baba da ke wurina da na Ilu. Ta sa aka ciro ƙofar ɗakinta, wadda ta daɗe tana jan ƙasa, aka ɗora duka a kura aka kai tsohon shago. Sannan ta aika wa Baba Elias cewa ba kyauta ta ba shi ba, ba ta kuma ce nasa ne ba. Ƙofarta ce ta lalace, mai gyara mata ya rasu, ga kayan aiki nan na marayu, ya yi mata gyara da su, in ya gama ya mayar. Ta ƙara da cewa har ya gama, ita a ɗaki ba ƙofa za ta kwana.

To ya zai yi? Matar Yaya ce. Kafin azahar yana shago.

Bai gama ƙofar ba Yaya Barau ya turo katakon amalankensa daga Maigatari, wai duk ya sassauta. Ilu ya kawo ƙofar rumbu. Hajiyarka ta aika da gadonta, ta koma tabarma tana mita. Limamin unguwarmu ya aika da allunan makarantarsa da suka tsage, mutanen cocinsu suka kawo benci. Kowa kuma da sharaɗin Inna yake zuwa: in ya gama ya mayar da kayan marayu. Kullum da yamma sai ya goge su ya jera a akwati, ya ce gobe in Allah Ya kai mu zai mayar, da safe kuma ya tarar da wani aikin a bakin ƙofa.

Chris ya zo ana jibi Kirsimeti da motar haya har ƙofar gida. Bai sami uban a gida ba, aka nuna masa shago. Ina wurin na kai abinci. Ya tsaya yana kallon tsohon ya danna mahuji da ƙirji, garin katako har a girarsa, yana yi wa wani mai amalanke faɗa a kan ya matsa masa daga haske. Baba Elias ya ce masa ya yi haƙuri, ba zai tafi ya bar aikin mutane a hannu ba, sai ya gama. Chris ya dubi tulin da ke jingine a bango, ya dube ni. Yaron kirki ne, ya gane. Ya yi Kirsimeti da mu, ya ci tuwon Inna, ya koma shi kaɗai. Da zai shiga mota ya ce mini in aikin ya kusa ƙarewa in rubuto masa, na ce to, ya ce amma kada in yi gaggawa.

Yanzu ga abin da nake so ka ji daga bakina kafin Hajiya ta riga ni. Makon jiya na leƙa shago na ga jinginannun sun ragu, saura benci biyu. Na dawo gida na rasa abin da ya lalace, komai namu garau. Sai idona ya faɗa kan kujerarka ta shan iska, wadda ba ka bari kowa ya zauna a kai. Baban Muhsina, na sa mata taɓarya. Sau ɗaya kawai, a ƙafar baya.

Na aika da ita na ce faɗuwa ta yi. Da yamma Baba Elias ya aiko a gaya mini kujerar za ta gyaru, amma shekararsa arba'in yana kafinta bai taɓa ganin kujerar da ta faɗi ta tashi da shatin taɓarya ba. Wai in na tashi yi wa wata, in daka a mahaɗa, kada in daka a tsakiyar katako, ya fi sauƙin gyara.

Ka yafe mini, ka kuma dawo da wuri, don teburinka nake kallo yanzu.

Taka har kullum,
Rabi.